Babi na Biyar: Bokitin Farko na Sabulun Ruwa

Duk wadda ta je shagon masu kemikal ta ce a ba ta kayan sabulun ruwa, tambaya ɗaya ake yi mata: "Hajiya, na lita nawa?" Ta ce na ashirin, ko na goma in jarin bai kai ba. Kafin ta rufe baki yaron shago ya fara ƙulla ledoji. Farin gari a wannan, wani farin garin a waccan, na uku ma fari ne sai dai ya fi tsaki-tsaki. Ga wani ruwa mai duhu mai danƙo a cikin gora, ga wani farin abu mai yauƙi, ga 'yar kwalbar turare da ƙullin kala. In an yi dace sai a sa biro a rubuta lamba a jikin kowace leda, a ce ta bi su a jere. In ba a dace ba sai ta koma gida ta baje su a tabarma, ta rasa wanne ne wanne.

Ta wannan ƙofa galibin mata ke shiga sana'ar, ko dai a taron koyar da sana'o'in hannu na yini guda, ko ta bidiyon da wata 'yar'uwa ta turo a WhatsApp. Abin da ake koyarwa hadda ce: a zuba wannan, a juya, a zuba wancan, a juya. Haddar tana yi wa mutum rana har sai ranar da mai shago ya sauya ma'auni, ko ya ce wani abu ya yanke a kasuwa ga madadinsa. Ran nan ne bokiti ke fitowa tsululu, ko ya yi gudaji, ko ya yi kyau a ido amma ya zaɓe hannun duk wanda ya taɓa shi. Wadda ta san aikin kowace leda ba ta shiga wannan ruɗani, kuma sanin bai da wuya. Manyan masu yin wanki a cikin kayan nan biyu ne kacal.

Sai dai kafin mu kwance su, akwai abin da ya kamata a warware. Abin da muke haɗawa a bokiti ba ɗan gidan su sabulun salo ba ne, ko da yake suna ɗaya muke kiransu. Sabulu na asali mai ne da aka dafa da ruwa mai kaifi. Iyayenmu suna ƙona kara ko ɓawo, su tace tokar, su dafa ruwanta da kitse ko man kaɗanya har ya kama jikinsa. Yarabawa da mutanen Gana suna yin irin nasu da tokar ɓawon koko da na ayaba da man ƙwarar manja. An daɗe ana wannan aiki kafin wani Bafaranshe mai suna Chevreul ya fitar da littafinsa a 1823, inda ya bayyana abin da ke faruwa a cikin tukunyar: kaifin yana raba man kashi biyu, kashi ɗaya ya zama sabulu, ɗayan ya zama gilisarin. Kaifin da ke cikin tokar tsirrai na potasiyam ne, shi ya sa sabulun salo yake da laushi, yake saurin narkewa. Wanda aka yi da kostik soda, wato kaifin sodiyam, shi ne ke daskarewa ya zama sanda. Saboda haka mai son sabulun ruwa na gaskiya daga mai, da kostik na potasiyam zai dafa shi, kilo ɗaya na man gyaɗa ya ci wajen gram 190, a kan wuta na tsawon sa'o'i. Wannan wata hanya ce daban, kuma ba ita ake bi a gidajenmu ba.

Namu na bokiti ba ya buƙatar mai ko wuta. Asalinsa daga Jamus ne, a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da kitse ya yi ƙaranci har masana suka shiga neman abin wanki da ba sai an taɓa abincin mutane ba. Ruwan nan mai duhu da ake ce wa salfonik jikan wannan nema ne. Daga man fetur yake: ana ciro wani sashe na kananzir a haɗa shi da benzin, a sami abin da masana'antu ke kira LAB, sannan a shigar masa da sulfa. Matatar mai ta Kaduna ma an gina mata sashen yin LAB ɗin a ƙarshen shekarun 1980. Kuma irin wannan abin wanki yana da wani fifiko da duk mai wanki da ruwan rijiya ta sani ba tare da an gaya mata ba. Ruwa mai zartsi yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam, su kuwa da zarar sun haɗu da sabulun mai sai su kama shi ya zama wani farin dusa-dusa a gefen baho, kumfa ta ƙi tashi. Na salfonik da Texapon bai cika jin wannan ba.

To, ga ledojin. Salfonik shi ne babban ma'aikaci, shi ke cire maiƙo daga kwano. Texapon, farin nan mai yauƙi, shi ne na biyu: yana wanki, yana ƙara kumfa, kuma yana rage wa salfonik zafinsa a fata. Wanda ake sayarwa kashi 70 cikin 100 ne tsantsa, sauran ruwa. Kostik soda ba don wanki ake sa shi ba. Salfonik asid ne mai ƙarfi, ba ya amfanuwa a haka, sai an kashe masa tsaminsa, kuma aikin kostik ke nan, shi kaɗai. Natrosol, wanda wasu masu shago ke ce wa nitirosol, daga ɓargon tsirrai ake yinsa, ba ya wanke komai, kauri kawai yake kawowa. Soda-ash da STPP suna tausasa ruwa mai zartsi, sun fi amfani a wankin tufafi. SLS da abin ƙara kumfa, galibi don kumfa ake sa su. Kala da turare kwalliya ce. Saura fomalin, shi kuwa za mu zo kansa.

Kostik ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abu ɗaya a cikin kayan nan da ke iya sauya rayuwar gida a minti guda. Ana zuba shi ne a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ba a taɓa kwara ruwa a kansa, saboda yana fitar da zafi idan yana narkewa, har ya iya tafasa ya fantsamo fuska. A roba mai kauri ake jiƙa shi, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Tukunyar alminiyum ba ta shiga wannan aiki ko kusa, domin kostik yana cinye ta, yana kuma fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Safar hannu ta roba da tabarau ba burga ba ce. Wadda ɗigonsa ya taɓa yatsanta za ta ji wani santsi, ta ɗauka sabulu ne ya fara yi. E, sabulun ne, amma da maiƙon fatarta ake yinsa. Maganin nan take shi ne ruwa mai yawa. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti goma sha biyar, sannan a nufi asibiti.

Mafi muni shi ne wanda aka jiƙa aka ajiye. Masu koyarwa kan ce a bar shi ya kwana, alhali dalilin kawai ya narke ne ya huce, abin da sa'a ɗaya ko biyu ke yi. Ruwan kostik ba launi, ba wari. A zuba shi a kofi ko a gorar ruwa a ajiye a gindin randa, babu yaron da zai bambanta shi da abin sha. Likitocin tiyata a Najeriya da Gana da Saliyo sun sha rubutu a kan yaran gidajen masu yin sabulu da suka kurɓa. Ƙunar baki ta ranar farko ba ita ce ƙarshen abin ba. Bayan makonni hanyar abinci takan warke da tabo, ta tsuke, har yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga baya ya kasa haɗiye kunu, a shiga jigilar asibiti ta watanni ko shekaru. In har ta auku, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin zai sake ƙona inda ya bi. Kada a ɗura masa manja ko ruwan lemun tsami. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da sauran abin da ya sha. Ni a ganina, a gidan da akwai mai rarrafe ko mai tatata, bai kamata ruwan kostik ya kwana ba sam. A jiƙa iya na ranar, a kulle ɗaki, a gama da shi kafin 'yan makaranta su dawo.

Yanzu sai haɗin. Shawarata ga mai farawa ita ce ta ƙyale lita ashirin, ta yi biyar. In ya lalace asarar ba ta kai ta sa mutum ya yi fushi da sana'ar ba, kuma hannu ɗaya yana iya juya shi. Sannan ta sayi abu biyu da ba sa cikin ledojin mai shago: ɗan ƙaramin sikeli na kicin mai nuna gram, da takardar gwajin pH, 'yan siraran takardun nan masu sauya launi da ke zuwa da jadawalinsu. Kuɗinsu bai kai na bokitin da zai lalace ba.

Ga lita biyar na wanke-wanke, rabin kilo na salfonik ya isa, da gram 250 na Texapon, da gram 20 na Natrosol. Kostik kuwa ga lissafinsa: kowane gram 100 na salfonik yana buƙatar wajen gram 13. Rabin kilo ke nan gram 65, a narkar da shi a rabin lita na ruwa. A nan ne awon gwangwani ke cutar mutane. Gwangwanin madara ɗaya na kostik yana iya kashe wajen kilo guda na salfonik, amma sai a ga an zuba shi a kan rabin haka, an kuma bi shi da soda-ash. Duk kaifin da bai sami asid ɗin da zai ci ba yana nan a cikin bokiti yana jiran hannu.

Ana farawa da Natrosol, a bokitinsa daban, cikin lita biyu na ruwa zalla. Duk wadda ta taɓa kaɗa miyar kuka ta riga ta iya wannan: hannu ɗaya yana barbaɗawa, ɗayan yana juyawa ba tsayawa, in aka juye gaba ɗaya sai gudaji. Da farko ruwan zai yi fari-fari kamar ba abin da ya faru, har mutum ya yi zaton an sayar masa da na bogi. A ci gaba da juyawa. Cikin minti ashirin zuwa rabin sa'a muciya za ta fara jin nauyi, farin ya washe, ruwan ya zama garau mai yauƙi. Dalilin sa shi a farko shi ne kaifi yana sa shi kumbura nan take. In ya faɗa ruwan da kostik ya riga shi shiga, bayan kowane ƙwaya zai jiƙe ya rufe, cikin ya zauna a bushe, kuma juyin duniyar nan ba zai fasa shi ba.

A bokiti na biyu a zuba lita ɗaya da rabi na ruwa, a juye ruwan kostik a ciki, amma a rage kamar cokali uku ko huɗu a gefe. Sannan a tsiyayo salfonik siriri, ana juyawa a hankali. Wannan shi ne wurin da ya fi daɗin kallo a duk aikin. Salfonik yana sauka baƙi-baƙi, ya yi zare a cikin ruwan, inda muciya ta ratsa sai zaren ya watse ya koma ruwan ƙasa, can kuma ya koma rawaya mai haske. Jikin bokitin zai yi ɗumi a tafin hannu. Warin nan mai shaƙe hanci da ke fita daga gorar salfonik zai lafa. Idan launin ya daidaita ko'ina, a ɗebi rabin cokali a tsarma a ɗan ruwa, a tsoma takardar gwaji. In ta yi ja ko ruwan lemo, da sauran tsami, sai a ɗiga ragowar kostik kaɗan, a juya sosai, a sake gwadawa. Abin da ake nema kore ne, tsakanin 7 da 8 a jadawalin. In ta yi shuɗi mai duhu ko shunayya, an wuce gona da iri, sai a gyara da ɗan ƙarin salfonik.

Wannan 'yar takarda ita ce alƙalin bokitin farko. Fatar mutum tana zaune ne a wajen 5.5, wato ɗan tsami-tsami gare ta. Ma'aunin kuwa kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka sabulun da ya kai 11 ya fi na 8 kaifi sau dubu. Da ido ba a gane su. Launinsu ɗaya, ƙamshinsu ɗaya, mai kaifin ma ya fi saurin yanke maiƙo a ranar farko, har a yaba masa. Sai bayan mako guda yarinyar da ke wanke-wanke safe da yamma ta fara nuna tsakanin yatsunta ya yi fari yana saɓa, gefen farce ya tsage, a ce ai sanyin ruwa ne.

Daga nan sauran aikin ba wuya. A sa Texapon cikin bokitin salfonik, gutsure-gutsure, domin in ya haɗu da ruwa kaɗan yakan ƙara tauri kafin ya saki. Kada a damu in an ga 'yan dunƙule suna yawo, za su narke da kansu. A juye wannan a kan Natrosol, a cika ruwa zuwa lita biyar, a narkar da kala a ɗan ruwa tukuna kafin a zuba, turare ya zo a ƙarshe bayan komai ya huce. Juyi a hankali ake yi, muciya tana ƙasa, don duk iskar da aka kaɗa ciki sai an jira ta fita. A rufe, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Masu saye abu biyu suke dubawa. Su karkata gora su ga ko yana tafiya da nauyi, sannan su tambaya, "Yana kumfa?" Mai sana'a dole ta ba kasuwa abin da take so, amma ita kada ta ruɗi kanta. Cokali biyu na Natrosol za su sa ruwan banza ya yi kauri ba tare da ya iya wanke cokali ɗaya ba. Gishirin miya ma yana kaurara haɗin da ke da Texapon, shi ya sa wasu ke amfani da shi don arha, sai dai yana da iyaka: ana ƙarawa yana kauri, ana ƙarawa yana kauri, sai a kai wani wuri ya tsinke gaba ɗaya, kuma ba ya dawowa sai an ƙara sabon haɗi marar gishiri. Kumfa ita ma ba ita ke wanki ba. Injinan wanki na zamani da gangan ake yi musu garin da ba ya kumfa sosai. Akwai lokacin da kumfa ta zama masifa a Turai da Amurka, a shekarun 1950 zuwa farkon 1960, inda ta riƙa taruwa tuli-tuli a koguna da wuraren tace ruwa, saboda irin salfonik na wancan zamani ƙwayoyin halitta ba sa iya narkar da shi. A tsakiyar shekarun 1960 aka koma irin da muke saye yau, mai ruɓewa a ruwa. Abin da ke wanki shi ne yawan salfonik da Texapon a kowace lita. Haɗin da na bayar ya haura kashi goma cikin ɗari. A ɗauki waɗannan kayan a miƙar da su zuwa lita goma sha biyar, a cike giɓin da kauri da kala, za a sami riba a ranar, amma mai saye za ta lura tana matsa rabin gora kafin tukunyar miya ta fita.

Fomalin ana sa shi ne don kada sabulun ya lalace, tunda abu mai ruwa da yawa ƙwayoyin cuta na iya zama a ciki, ya yi wari ko ya tsinke. Yana aikin, ba shakka. Shi ne dai ruwan da ake adana gawa da shi a asibiti, kuma a 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sa sinadarin da ke cikinsa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam. Haɗarin ya fi kan mai shaƙarsa kullum, wato mai haɗin, wadda ke auna shi da murfin gora a cikin ɗaki. Wasu sun koma sodiyam benzowet, sai dai shi a cikin abu mai tsami yake aiki, a sabulun da ke kan 7 ko 8 kusan zaman banza yake yi. Ga lita biyar ta amfanin gida ba a buƙatar ko ɗaya. A tafasa ruwan haɗin a bar shi ya huce, a wanke bokiti da gora, a yi iya wanda zai ƙare cikin 'yan makonni.

Akwai kuma al'adar nan ta kiransa "mai aiki goma": wanke-wanke, wanki, goge ɗaki, wankin mota, har da wanka da wankin kai. Na farkon huɗu ba laifi. Wanka kuwa a'a, balle na jariri, domin salfonik yana kwashe maiƙon fata fiye da kima ko da an daidaita shi. Kada kuma a gauraya shi da ruwan bilic don ƙarin ƙarfi, musamman in akwai sauran tsami a ciki, saboda iskar kulorin da ke tashi tana illata huhu.

Washegari a buɗe bokiti. Farar kumfar da ta rufe saman jiya ta kwanta, dunƙulen Texapon sun ɓace, ana hango gindin ludayi ta cikin sabulun. A sake tsoma takardar gwaji, don wani lokaci lambar takan ɗan motsa cikin dare. In da hunturu ne aka tarar ya yi gajimare-gajimare, ba lalacewa ya yi ba, sanyi ne, da rana ta ɗaga zai washe. In ya rabu biyu, ruwa a ƙasa kauri a sama, galibi gishiri ne ko soda-ash ya yi yawa. In gudaji ne na Natrosol, a tace da rariya a yi amfani da shi a haka, na gaba a barbaɗa a hankali. Duk abin da aka gani a rubuta shi a littafi tare da awon da aka yi da shagon da aka sayi kayan, domin ƙarfin salfonik yakan bambanta daga wannan durom zuwa wancan, kuma gram 65 na yau zai iya zama 60 ko 70 a sari na gaba.

Wajen ɗurawa, gorar lemo da ta ruwan sha su ne suka fi sauƙin samu, su ne kuma suka fi yaudarar yara, musamman in kalar ta yi ruwan lemo ko ja, ga ƙamshin 'ya'yan itace. A ɓare takardar kamfanin, a manna wata da aka rubuta sunan abin da ranar haɗi da manyan baƙaƙe. Wadda ta ga hannunta ya faɗa har tana tunanin kai wa shaguna, ta sani cewa kayan wanki suna cikin abubuwan da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ke yi wa rajista, kuma manyan kantuna sukan nemi lambar kafin su karɓa. Yadda ake neman lambar, da yadda ake fitar da kuɗin kowace gora har da na turare da murfi da kuɗin mota zuwa kasuwa, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.